Babi na Bakwai: Magudanar Wanka da Abin da ke Ƙarƙashin Tayil

Tabon ya fara ne kamar faɗin tafin hannu a kusurwar silin ɗin falo, daidai ƙarƙashin banɗakin da ke saman bene. Watan Janairu ne, tsakiyar hunturu, rabon garin da ruwan sama ya kai wata uku, don haka babu yadda za a ɗora wa kwanon rufi laifi. Na sa aka shafe wurin da fenti. Bayan mako biyu tabon ya dawo, ya ƙara faɗi, gefensa ya yi ruwan ƙasa kamar an zubar da shayi. Kafin bazara ta ƙare fentin bangon da ke bayan banɗakin ya kumbura yana ɓarewa, wani farin gari mai kama da kanwa yana fitowa daga jikin filasta.

Abin da ya fi damuna shi ne banɗakin bai cika shekara biyu da gyarawa ba, kuma ban yi ƙyashin kuɗi a kansa ba. Fulamba na farko da na kira ya zagaye gindin bango da silikon ya tafi. Na biyu ya sake cike layukan tayil da farin siminti. Na uku wani dattijo ne da ba ya yawan magana. Bai ko dubi bango ba, sai ya tsuguna a wurin wanka, ya ɗaga rariyar ƙarfen da ke bakin magudana, ya zura yatsa ya zagaya da shi, sannan ya ɗago kai.

"Yallaɓai, kawo hannunka nan ka ji."

Na tsuguna na zura yatsa. Tsakanin wutsiyar magudanar da bakin bututun da ke ƙasa akwai rata da yatsa ke shiga, kuma abin da na taɓo a wurin jiƙaƙƙen yashi ne mai wari.

"Ba a haɗa su ba," in ji shi. "An ɗora wannan a kan wancan ne kawai aka zagaye da siminti. Duk wankan da kuka yi, bututu ya sha rabonsa, dekin ma ya sha nasa."

Tun daga ranar na daina kallon banɗaki da idon mai sayen tayil. Abin da ido ke gani a ɗakin wanka, wato tayil da kan shawa mai sheƙi da rariyar ƙarfe, sutura ce kawai. Ainihin aikin yana ƙarƙashi, a wurin da ba za ka sake gani ba da zarar an rufe, kuma mafi haɗarin wuri a cikinsa bai fi faɗin faranti ba: inda ƙasan ɗaki da magudana da bututu suka haɗu.

Mu fara da kawar da wani tunani da ya jawo wa mutane da yawa asara, wato ɗaukar cewa tayil yana tsare ruwa. Jikin tayil mai kyau ba ya shan ruwa sosai, wannan gaskiya ne. Amma tsakanin kowane tayil da ɗan'uwansa akwai layi, kuma simintin da ake cike layin da shi yana tsotsar ruwa, yana kuma tsattsagewa da tafiyar lokaci. Ko da mai tayil ya fi kowa ƙwarewa, wani kaso na ruwan wanka sai ya ratsa ya sauka cikin shimfiɗar siminti da yashi da ke ƙasa. Tambayar da ta kamata mai gida ya yi ita ce: idan ya sauka, me zai tare shi, kuma ta ina zai fita?

Magabatanmu sun san halin ruwa fiye da yadda muke zato. A gidan gargajiya makewayi yana can ƙuryar gida, nesa da ɗakunan kwana, ruwan wanka ya bi rariya ya fice. A saman soro ana sa indararo mai tsawo domin ya jefa ruwan sama nesa da jikin bango. Inda kuma ake so ruwa ya zauna bai tsiyaye ba, kamar rijiyoyin rini irin na Ƙofar Mata a Kano, ana shafe cikin ramin da laso, wanda ake haɗawa da katsi da gashin jima da dafara. Sun gane cewa ruwa ko dai ka kore shi da sauri, ko ka yi masa shafen da ba zai ratsa ba. Mu kuma yau mun shigo da shi har cikin ɗakin kwana, mun hau da shi bene, kowane ɗaki da banɗakinsa, sai muka manta da dabarun biyu gaba ɗaya.

Akwai kuma yanayin wankanmu. Mafi yawanmu, ko akwai shawa a bango, da bokiti muke wanka, saboda ruwan famfo ba kullum yake da ƙarfi ba. Muna alwala da buta sau biyar a rana, ana wanke kayan yara a wurin, a kifar da bokiti guda a lokaci ɗaya. Don haka a gidajenmu ba kusurwar shawa kaɗai ke jiƙewa ba, ƙasan banɗakin gaba ɗaya wurin wanka ne, kuma haka ya kamata a ɗauke shi wajen gyara.

Idan ka yanke shawarar sauya wurin wankanka, kada ka yarda a ɗora sabon tayil a kan tsoho don gudun ƙura. A fasa har sai an kai ga kankare, a kwashe tsohuwar shimfiɗar da ta sha ruwa, a bar wurin ya sha iska ya bushe. Idan a bene ne, a duba dekin da kyau, sama da ƙasa. Ruwan da ya daɗe yana shiga kankare yana kai wa rodi, rodi ya yi tsatsa, ita kuwa tsatsa tana cin wuri ninkin wanda ƙarfen ke ci, sai ta tura kankaren ya tsage ya fara zubowa. Idan ka ga jan tabo ko rodi a fili, wannan ya wuce aikin fulamba, a nemo injiniyan gini ya gani kafin a ci gaba.

Daga nan sai bututu. Na wurin wanka ya zama mai faɗin inci 2, wato milimita 50. Wanda bai kai haka ba yana saurin toshewa da gashi da daskararren sabulu, kuma bututun da ke jinkirin sha shi ne ke mayar da ruwa baya ya nemi rata. A kwantar da shi da gangare na kimanin santimita 2 a kowace mita, a kuma rage yawan gwiwoyi iya yadda za a iya. Akwai wata al'ada da nake roƙon ka hana a gidanka: gasa bakin bututun roba a wuta don ya buɗe a cusa wani a ciki, maimakon a sayi mahaɗin da aka yi domin haka. Robar da ta sha wuta tana sirancewa ta yi gautsi, bakin kuma ba ya fitowa daidai. Kuɗin mahaɗi bai kai na tayil ɗaya ba.

Gam ɗin bututun roba ma mutane da yawa ba su san yadda yake aiki ba. Ba manne abu yake yi kamar gam ɗin takarda ba, narkar da fatar robar yake yi ta ɓangarorin biyu, su cakuɗe su zama jiki ɗaya idan ya bushe. Shi ya sa dole a yanke bututun a miƙe, a kankare kaifin bakinsa, a goge ƙura da danshi, a shafa gam a jikin bututun da cikin mahaɗin, a tura har ƙarshe tare da ɗan murɗawa, a riƙe kamar daƙiƙa 30 don kada ya turo kansa waje. Wanda aka haɗa a jiƙe ko da yashi a jiki zai riƙe a ranar, amma ba zai daɗe ba.

Inda bututun ya ratsa dekin akwai rami da aka huda masa, kuma a nan ake yawan yin ha'inci. Sau da yawa takardar buhun siminti da ɓaraguzan bulo ake cusawa a gefen, a shafe sama da ɗan siminti. Kamata ya yi a tare ramin da katako ta ƙasa, a cike shi da kwaɓi mai ƙarfi har ya toshe ko'ina. Da yake siminti ba ya kama jikin roba mai santsi, ƙwararru sukan shafa gam a bayan bututun su barbaɗa masa busasshen yashi, ya yi kaushi yadda kwaɓin zai samu abin riƙewa.

Yanzu mu zo ga ita kanta magudanar, inda nake so ka fi natsuwa. Idan ka shiga kasuwar kayan gini, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Dei-Dei a Abuja, abin da za a fara miƙo maka shi ne ƙaramar magudana ta siririn ƙarfe mai murabba'in fuska da 'yar gajeriyar wutsiya. Ita ce mafi araha, ita ce kuma aka sa mini a karon farko. Aibinta a bayyane yake ga wanda ya juya ta ya duba: ba ta da wurin da shafen hana ruwa zai kama, wutsiyarta kuma ba ta cika bakin bututu, lilo kawai take yi a ciki. Muddin bututu yana sha da sauri ba za ka ga komai ba. Ranar da gashi ya ɗan tare hanya ruwa ya taso, sai ya bi ta ratar ya shige ƙarƙashin tayil.

Magudanar kirki ana gane ta da abu uku, kuma duk ana iya duba su a tsaye a gaban shago. Tana da faffaɗan leɓe da ya zagaye ta kamar gefen faranti, wanda zai kwanta a ƙarƙashin tayil, shafen hana ruwa ya hau kansa ya manne. Wutsiyarta tana shiga bututu ta zauna daram, ko dai da gam idan ta roba ce, ko da zoben roba mai matsewa idan ta ƙarfe ce. Ka tafi da guntun bututunka kasuwa ka gwada a gaban mai shago. Sannan tana da hanyar karɓar ruwa hawa biyu: na sama da ke bi ta rariya, da na ƙasa da ya ratsa tayil ya gangaro a kan shafen. Wasu ana yi musu 'yan ƙananan huji a wuya domin wannan ruwan na biyu, wasu kuma wuyan rariyar ne ke zama a cikin jikin magudanar da 'yar rata da aka bari da gangan, wadda ke zubawa cikin bututu. Idan babu wannan hanya, ruwan da shafen ya tare ba shi da mafita, sai ya kwanta a ƙarƙashin tayil ya ruɓe, layuka su yi baƙi, ɗakin ya riƙa warin danshi komai wankin da aka yi masa.

Sai tarkon ruwa, wato lanƙwasar da ke riƙe ɗan ruwa a kowane lokaci domin ya toshe wa iskar sokawe hanya. Zurfin ruwan da ake so ya tsaya a ciki santimita 5 ne. Ƙananan magudanan nan masu ɗan kofi a ciki ruwan da suke riƙewa kaɗan ne ƙwarai, kuma a bushewar hunturu ko zafin watan Afrilu 'yan kwanaki sun isa ya ƙafe, musamman a banɗakin baƙi da ba a shiga kullum. Da ya ƙafe sai wari ya taso, kyankyasai su biyo baya. Idan akwai wuri a ƙarƙashi, a sa cikakkiyar lanƙwasa a jikin bututun, a inda hannu zai iya kaiwa ranar da za a share ta.

Bayan an zaunar da magudana an haɗa ta da bututu, sai a zuba shimfiɗar siminti da yashi mai gangare zuwa gare ta daga kowace kusurwa, santimita 2 a kowace mita. A lura da jerin aikin: gangare ne farko, shafen hana ruwa a kansa. Idan aka yi shafen a kan shimfiɗaɗɗen kankare, sannan aka fitar da gangare a sama wajen sa tayil, ruwan da ya ratsa zai tarar da fili marar gangare ya kwanta. Saman shimfiɗar ya zo daidai da leɓen magudanar, ba tudu ba kwari. A bar ta ta kama, ana yayyafa mata ruwa a kwanakin farko don kada zafi ya tsattsaga ta, sannan a bar ta ta bushe gwargwadon abin da aka rubuta a jikin mazubin maganin da za a shafa.

Shafen kansa iri-iri ne. Akwai na ruwa da ake shafawa da burushi ya bushe ya zama kamar fatar roba, akwai mai haɗin siminti da ake kwaɓa gari da ruwansa, akwai kuma shimfiɗar kwalta da ake mannawa da wuta. A ɗan ƙaramin ɗaki mai kusurwoyi da bututai, na fi natsuwa da wanda ake shafawa da burushi, domin yana shiga lungu, kuma tayil yana kama shi. Garin hana ruwa da ake zubawa cikin kwaɓi yana da amfaninsa, amma kada a ce maka ya wadatar, domin ranar da shimfiɗar ta tsage shi ma ya tsage tare da ita. A shafe ƙasan banɗakin duka, a hau bango da aƙalla santimita 15 a kowane gefe, a wurin tsayuwar wanka kuwa a kai mita 1.8. A kusurwar da bango ya haɗu da ƙasa, da kewayen leɓen magudana, a kwantar da ƙyallen ƙarfafawa a cikin shafin farko tun yana ɗanye, domin nan ne gini ke motsi, nan ne kuma tsaga ke fara fitowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi kuwa ruwa tsagar da ido ba ya gani ma ta ishe shi. Idan shafin farko ya bushe a yi na biyu a gicciye. Bakin ƙofa ma a ɗaga shi kaɗan, shafen ya hau kansa.

Daga nan sai gwaji, wanda shi ne matakin da ma'aikata suka fi ƙi, domin yana tsayar da aiki kwana guda. Bayan shafen ya bushe sarai, a toshe bututun daga can ciki, ƙasa da inda magudana ta haɗu da shi, yadda mahaɗin ma zai shiga cikin gwajin. A cika ƙasan da ruwa zurfin kamar santimita 5, ko iya tsayin bakin ƙofa, a ja layi da fensir a bango daidai saman ruwan, a rufe ƙofa awa 24. Da yake iskarmu tana shan ruwa, ka ajiye kwano da ruwa a gefe, shi ma ka yi masa alama. Idan na ƙasa ya sauka fiye da na kwano, akwai inda yake bi. Ka sauka ƙasa ka duba silin da bayan bango da tocila, ka shafa da hannu. Sannan a cire toshiyar ka tsaya ka kalli yadda ruwan ke tafiya: duk inda ya bar kududdufi, gangaren wurin bai yi ba, kuma yanzu ne gyaransa ke da sauƙi.

Sa tayil ba shi da dogon bayani idan an yi na baya daidai. Babban tayil mai santimita 60 ba ya lanƙwasa, don haka idan magudana a tsakiya take, ko dai a sa ƙanana a wurin wanka, ko a yanka manyan daga kusurwoyin rariya zuwa waje domin gangaren ya fito. Mai son manyan tayil ba yanka ya sayi doguwar magudana da ake kwantarwa a gindin bango, wadda gangare ɗaya take buƙata. Rariya ta zauna ƙasa da fuskar tayil da ɗan kaɗan. Kada kwaɓi ya toshe ƙananan hujin wuyan magudana, a zagaye su da 'yan tsakuwa. Kada kuma mai tayil ya ja bokitin ƙarfe ko ya yar da guduma a kan shafen. Kusurwoyi a cike su da silikon maimakon farin siminti.

Wanda ya zaɓi kwanon wanka na roba da ake sayowa a haɗe, nasa tsarin daban ne. Ana shafa silikon a ƙarƙashin leɓen magudana ta sama, ta ƙasa kuma zoben roba ne ke fara manne wa jikin kwanon, sai siririn zobe mai santsi, sai noti. Idan aka juya jerin zoben biyu, roba tana murɗewa wajen ɗaurewa ta bar rata. A matse sosai amma ban da ƙarfin da zai fasa roba. Abin da ya fi kashe irin wannan kwano shi ne rashin madafa a ƙarƙashi: idan yana lotsawa duk lokacin da aka taka, sannu a hankali mahaɗin zai saki. A zaunar da shi a kan kwaɓi yadda ko'ina zai samu abin dogara.

Lokacin da aka fasa nawa banɗakin a karo na biyu, na fahimci abin da ya sa irin wannan kuskure yake yawa. Mutum uku ne ke aiki a wurin. Fulamba ya kafa bututu ya tafi, birkila ya zuba shimfiɗa ya tafi, mai tayil ya zo daga ƙarshe ya tarar da rariya a cikin leda ya dasa ta inda ya ga rami. Wurin da aikin ukun ya haɗu ba na kowa ba ne, kuma idan yoyo ya ɓullo kowa zai nuna ɗan'uwansa. Ba na ganin mugunta ce, yawancinsu haka suka koya a hannun iyayen gidansu. Maganin shi ne tun kafin a fara ka tara su, ka ɗora wa mutum ɗaya alhakin magudana tun daga bututu har rariya, ka kuma sanar da su cewa cikon kuɗin aiki sai bayan gwajin ruwa. Ka biya kuɗin kwanan da za a yi ana jira, domin haƙƙinsu ne.

Bayan an gama, kulawar ba ta da wuya. A riƙa ɗaga rariya ana cire gashi duk mako, musamman bayan an tsefe kitso an wanke kai. Banɗakin da ba a amfani da shi a riƙa zuba masa buta ɗaya ta ruwa don tarkon kada ya ƙafe. A guji wanke tayil da asid, domin yana cinye simintin layuka ya buɗe wa ruwa ƙofa.

Na san wahalar da ke cikin zama da ma'aikata a gida, da ƙura, da iyali suna layi a banɗaki ɗaya, da ɗokin a gama a huta. Duk da haka ina roƙonka, ranar da za a haɗa magudana da bututu ka bar abin da kake yi ka tsaya a kai, ka zura yatsanka ka ji da kanka. Kuma kada ka bari a ɗora tayil ko ɗaya sai ruwa ya kwana a wurin ka tashi da safe ka tarar da shi a kan layin fensir ɗinka.